Jemagen Mangwaro Da Danginsa

Masu lambu a Bafarawa da Isa suna kuka da jemage lokacin mangwaro. To, jemagu iri biyu ne manya. Akwai ƙanana masu cin kwari, ba ruwansu da lambu. Akwai kuma manya masu kai kamar na kare, su ne masu cin 'ya'yan itace. Cikin danginsu har da wasu masu hanci kamar bututu, amma waɗannan ana samun su ne a wurare irin su Niugini da Ostiraliya, babu su a Afirka.

Kada dai a yi gaggawar kashe namu. Furen kuka da dare yake buɗewa, jemage ke kai masa garin wani fure, sannan ya yi 'ya'ya. Dabarar mai lambu ita ce ya tsinke mangwaronsa da zarar ya ƙosa, ya nuna a gida.