Kafin Ranar Naƙuda: Yadda Za Ki Auna Asibitin Da Za Ki Haihu

Uwargida mai juna biyu, idan cikinki ya shiga wata na shida ko na bakwai, akwai wata ziyara da ta kamata ki kai wadda ba ta awo ba ce. Ziyarar duba wurin da kike niyyar haihuwa ce, ki gan shi da idonki, ki yi tambayoyi tun kina da ƙarfin yin su. Ki tafi da maigida, idan da hali ki haɗa da surukarki ko mahaifiyarki, domin su ne za su yanke shawara a daren da ke ba ki iya magana. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A garuruwanmu, daga Gwandu zuwa Kalgo har cikin Birnin Kebbi, wuraren haihuwa iri-iri ne. Akwai ƙananan asibitocin gwamnati na matakin farko, akwai manyan asibitoci, akwai kuma masu zaman kansu, waɗanda za ki ga an rubuta “Nursing Home” ko “Maternity Home” a allonsu. A ƙasashen Turai sunan farko na nufin gidan kula da tsofaffi, amma a Nijeriya yawanci ƙaramin asibiti ne da ma'aikaciyar jinya ko ungozomar asibiti take gudanarwa, inda ake awo, ana karɓar haihuwa, ana kwantar da marasa lafiya kaɗan. A cikinsu akwai na ƙwarai, akwai kuma waɗanda allo da fenti ne kawai. Daga bakin ƙofa ba a bambance su.

Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kimanin kashi 7 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Jihar Kebbi ake yi a asibiti, adadi mafi ƙanƙanta a duk ƙasar nan a lokacin. Saboda haka duk macen da ta ƙudura haihuwa a asibiti ta yi abin a yaba. Sai dai shiga ginin da ake kira asibiti bai wadatar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata kusan 75,000 ne suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya, kuma wasu daga cikinsu sun isa wani wuri mai suna asibiti, sai dai wurin bai da abin da zai cece su.

Wane ne zai karɓi haihuwar?

Farin kaya ba shaida ba ne. A wurare da yawa akwai 'yan koyo da suka iya allura da ɗaura ruwa ta hanyar zama a asibiti, ba tare da sun shiga makarantar jinya ba, ana kuma kiran su nas kamar kowa. Ma'aikaciyar jinya da ungozomar asibiti na gaskiya suna da lasisi daga Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wanda ake sabuntawa duk shekara uku, likita kuwa yana sabunta nasa duk shekara. Shi kansa asibitin mai zaman kansa dole ne ya yi rajista da Ma'aikatar Lafiya ta jiha. Wurin da ya cika ƙa'ida yakan rataye waɗannan takardu a bango. Idan ba ki gan su ba ki tambaya cikin ladabi, ki kuma lura da yadda aka amsa. Wanda yake da takarda ba ya fushi don an ce ya nuna ta.

Tambaya ta biyu ta fi wannan nauyi: wa ke kwana? Naƙuda ba ta duba agogo. Mai yiwuwa ungozomar da ta yi miki awo da hantsi ƙwararriya ce, amma da ƙarfe biyun dare tana gidanta, an bar yarinya 'yar koyo da maigadi. Kai maigida, ba laifi ba ne ka biya ta wurin bayan sallar isha'i wata rana, ka ga ko akwai haske, ko ƙofa a buɗe take, da kuma wanda yake kan aiki.

Zubar jini

A nan ne ake gane asibiti. Yawancin haihuwa lafiya ake yin ta, kuma a irin wannan rana kowane wuri yakan yi kama da na ƙwarai. Abin da za ki auna shi ne shirin da suka yi wa ranar da abu ya ɓaci.

Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa, yana kuma iya kashe mace mai ƙoshin lafiya cikin sa'a biyu idan ba a tsayar da shi ba. Jinin da ya kai rabin lita, wato cikin leda ɗaya ta fiya wata, ya riga ya wuce ƙa'ida. Matsalar ita ce ido ba ya auna jini daidai, zane da katifa suna shanye shi, sai a yi ta cewa bai yi yawa ba har mace ta fara ganin jiri. A shekarar 2023 an fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna E-MOTIVE da aka gudanar a asibitocin Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano ta jagoranci ɓangaren Nijeriya. An riƙa shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa domin tara jinin, da zarar ya kai iyaka sai a haɗa dukkan magunguna da matakai a lokaci guda. Wannan ya rage mummunar zubar jini da abin da take haifarwa da kimanin kashi 60 cikin 100. Ki tambaya ko suna da wannan leda, in babu, da me suke auna jini.

Sannan ki tambayi allurar da ake yi wa kowace mace da zarar jariri ya faɗo domin mahaifa ta tsuke, wadda ake kira oksitosin. Kada ki tsaya a kan “muna da ita”. Ki ce a nuna miki inda ake ajiye ta. Wannan allura tana son sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, mu kuwa kowa ya san zafin Kebbi a watannin Maris da Afrilu, lokacin da yakan haura digiri 40. Wani bincike da aka yi tare da hukumar NAFDAC, aka wallafa a 2018, ya gano cewa kusan kashi 74 cikin 100 na samfurin oksitosin da aka tattaro daga sassan Nijeriya ba su cika ma'aunin inganci ba. Allurar da ta yi watanni a cikin durowa ko a kantar kemis tana iya zama kamar ruwa a ranar da ake neman ta. Firjin da babu wuta kuma kabad ne kawai, don haka ki duba ko sola ce ke riƙe da shi ko janareta. Wuri mai shiri yakan ajiye ƙwayar misoforostol da allurar taranekzamik a matsayin ƙari, ita ta biyun ana so a yi ta cikin sa'a uku da haihuwa idan jini ya ɓalle.

Wata gargaɗi game da wannan allura. Amfaninta na yau da kullum bayan fitowar jariri ne. Wurin da ya yi suna da cewa “ba a daɗewa, allura ɗaya ake yi a haihu” wuri ne na gudu, domin tunzura naƙuda ba tare da ma'auni da sa ido ba yana iya fasa mahaifa ko ya galabaitar da jariri. Haka nan danna ciki da hannu ko da gwiwar hannu don a turo jariri, an daina wannan.

Jijjiga, da jaririn da bai yi kuka ba

Ki lura ko ana auna hawan jininki da fitsarinki a kowane awo, ana kuma rubutawa a katinki. Awon da ya kai 140 bisa 90 abin bibiya ne. Idan ya haɗu da ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannuwa, jijjiga na iya biyo baya. Ba iska ba ce, ba kuma sammu ba. Maganinta allurar maganiziyam salfet ce, mai araha, kuma ya kamata duk inda ake karɓar haihuwa a same ta, a kuma san yadda ake yin allurar farko kafin a tura mace gaba.

Ta ɓangaren jariri, ki nemi ganin 'yar jakar roba mai murfin hanci da baki da ake busa wa jariri iska da ita. Jaririn da bai yi numfashi ba bayan an goge shi yana bukatar wannan taimako cikin minti ɗaya na farko. Riƙe shi ta ƙafa a juye, ko marin sa, ko watsa masa ruwan sanyi, duk ɓata lokaci ne. Ki tambaya kuma ko suna ba da man kulohekzidin na shafa wa cibiya, da inda za a yi wa jariri rigakafin farko na tarin fuka da shan inna da ciwon hanta.

Tsabta ba ta bukatar dogon bayani. Ki leƙa bayan gida, ki duba ko akwai ruwa da sabulu a ɗakin haihuwa, ko ana buɗe sabon sirinji da safar hannu a gabanki, ko katifar gadon haihuwa mai leda ce da ake wankewa, da inda ake zubar da allurai. Hanci ma yakan ba da labari tun kafin ido.

Idan abin ya fi ƙarfinsu fa?

Ƙaramin asibiti ba ya yin tiyata, ba ya ƙarin jini, kuma wannan ba aibi ba ne. Aibin shi ne ya ƙi faɗin haka, ya riƙe mace tana naƙuda kwana da yini saboda kada kuɗi ya kufce, sai ta galabaita a ce a kai ta gaba. Yawancin matan da ake yi wa gyaran yoyon fitsari a cibiyar Gesse ta Birnin Kebbi doguwar naƙuda ce ta kai su, kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara. Don haka ki yi tambayar kai tsaye: wace irin haihuwa ce ba ku karɓa, ina kuke turawa, da wace mota, kuma wa zai raka ni? Amsa mai kyau tana zuwa da sunan asibiti da lambar waya. “Ba mu taɓa samun matsala ba” ba amsa ba ce.

A nan nisa yana shiga lissafi. Mutumin Kalgo yana da babban asibitin jiha a garinsa, ga Birnin Kebbi kusa, inda Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda aka fi sani da tsohon sunansa FMC, da Asibitin Tunawa da Sir Yahaya suke. Amma mai fitowa daga Diggi ko Zuguru lissafinta dabam ne. Haka mutanen Dalijan da Kambaza da Malisa da Gulmare, su fara sanin abin da Babban Asibitin Gwandu yake iya yi da dare, sannan su auna tafiyar Birnin Kebbi idan an tura su can. A auna da damina, ba da rani ba. Ambaliyar 2020 ta karya hanyoyi da gadoji a jihar nan, ta yanke garuruwa daga asibiti. Idan watan haihuwarki ya faɗo Agusta ko Satumba kuma hanyarku ta fadama ce, ya fi ki koma gidan 'yan uwa a gari tun da sauran mako biyu ko uku.

Akwai matan da tun farko bai kamata su zaɓi ƙaramin wuri ba, komai kyansa: wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, mai tagwaye, wadda jaririnta ya kwanta a gicciye ko ya zo da ƙafa, mai hawan jini ko ciwon suga ko sikila, wadda ta ga jini lokacin ciki ko jininta ya yi ƙasa ƙwarai, yarinya ƙarama mai cikin fari, da wadda ta haihu biyar ko fiye. Ke ta ƙarshen nan, kada gogewa ta ruɗe ki, mahaifar da ta sha aiki ita ta fi kasa tsukewa.

Kai maigida, naka aikin uku ne: direba mai ɗaukar waya da dare, tare da lambar wani in na farkon bai samu ba, kuɗin da aka ware tun ciki yana ƙarami, da mutum biyu ko uku cikin dangi da aka san rukunin jininsu, suka kuma yarda za su bayar. Idan kana tafiye-tafiye, ka bar izini a fili, a gaban mahaifiyarka da matarka, cewa a kai ta asibiti, a kuma yi tiyata idan likita ya ce a yi, ba sai an jira ka ba.

Kuɗi da mutunci

Ki sa a rubuta miki kuɗin haihuwa da abin da ya ƙunsa, da jerin kayan da za ki zo da su. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ƙin ba da taimakon gaggawa. A watan Nuwamban 2024 kuma Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da shirin tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka tantance. Ki tambaya a wurin awo ko asibitin da za a tura ki yana cikin shirin, da kuma yadda ake rajista da hukumar inshorar lafiya ta jiha, KECHEMA.

Ranar da kika je dubawa, ki ɗan zauna a benci ki saurari yadda ake yi wa mata magana. Inda ake tsawa da gori, mata sukan ɓoye abin da ke damun su, ungozoma kuwa ba ta iya maganin abin da ba a faɗa mata ba. Ki duba ko akwai labule tsakanin gadaje, ko ana barin 'yar uwa mace ta tsaya tare da mai naƙuda, ki kuma tambaya sa'a nawa ake riƙe mai jego. Ana so ki yi aƙalla sa'a 24 a ƙarƙashin kulawa, ana duba jini da tsukewar mahaifa da zafin jiki da shan nonon jariri. Idan suna sallama bayan sa'a biyu saboda ƙarancin gado, ki nemi sanin wanda za ki kira da dare idan jini ya dawo, ki rubuta lambar a bayan katin awonki.