Wa ke bibiyar sawunka a waya? Haƙƙin da doka ta bai wa mutanen Karaye da Rogo

A Karaye da Rogo, ƙananan hukumomi biyu na yammacin jihar Kano, wayar hannu ta zama kayan sana'a. Masunci a madatsar ruwa ta Challawa da ita yake kiran mai sayen kifi, manomin masara a Rogo da ita yake jin farashin taki, ɗalibi kuma da ita yake duba sakamakon jarrabawa. Sai dai ba a taɓa zaunar da yawancinsu an gaya musu cewa ana tattara labarin zirga-zirgarsu a intanet, ana kuma cin kasuwa da shi ba.

Kusan kowace wayar Android tana da lamba ta musamman da aka ware don talla. Idan ka buɗe manhaja ko shafi, ana iya haɗa wannan lamba da abin da ka nema, da bidiyon da ka daɗe kana kallo, da irin wayarka, da wurin da kake idan ka ba da izini. Shafuka kuma suna ajiye wata 'yar alama a wayarka don su gane ka in ka dawo. Da ka buɗe shafi, kafin ƙiftawar ido, masu talla sun yi gwanjon wanda zai nuna maka hajarsa. Shi ya sa wanda ya nemi farashin injin ban ruwa da safe yake ganin tallarsa da yamma. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, ya samu sama da dala biliyan 160 a 2024, kusan dukkansu daga talla.

Hukumomin Najeriya sun fara taka wa abin birki. A Yulin 2024, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta ci Meta tarar dala miliyan 220, bayan binciken watanni 38. Ta same shi da yaɗa bayanan 'yan Najeriya ba da yardarsu ba, da kuma hana su zaɓin da yake bai wa masu amfani da shi a wasu ƙasashe. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, amma kotun da ke sauraron irin waɗannan shari'o'i ta tabbatar da tarar a Afrilun 2025.

Haɗarin da ya fi kusa da talaka kuwa yana cikin manhajojin ba da bashi da saƙonnin tallafin ƙarya. An sha ganin mutum ya ranci kuɗi kaɗan, manhajar ta kwashe lambobin da ke wayarsa, da ya yi jinkirin biya sai a aika wa surukansa da malaminsa saƙon cin mutunci. Wannan ɗabi'a ce ta sa hukumar bunƙasa fasahar zamani ta NITDA ta ci kamfanin ba da bashi na Soko Loan tarar naira miliyan 10 a 2021, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane a 2023. Har yau ana turo saƙo a WhatsApp cewa gwamnati na raba jari, a cike fom da lambar NIN da BVN. Wanda ya cike ya miƙa mabuɗin asusunsa ga mutumin da bai taɓa gani ba.

Bahaushe ya san darajar sirri tun kafin zuwan waya: baƙo a zaure yake tsayawa, sai ya yi sallama an yi masa izini. Doka ma a kan haka ta tsaya. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gida da wasiƙu da hirar waya. A Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. A ƙarƙashinta kana da ikon tambayar kamfani abin da ya ajiye a kanka, ka sa ya gyara kuskure, ka nemi ya goge, ka janye yardarka, ka hana shi damunka da talla. In ya ƙi, ka kai ƙara hukumar.

Akwai abin da kowa zai iya yi tun yau. Ka aika STOP zuwa 2442 don tsayar da saƙonnin tallar kamfanonin waya. Ka shiga saitin wayarka ka goge lambar talla, ka kuma rufe wa manhajoji hanyar lambobinka da wurin da kake, sai wadda aikinta ya buƙaci haka. Kada ka karanta wa kowa lambar sirrin da banki ya turo maka, ko da ya ce shi ma'aikacin banki ne.

Amma nauyin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Sharuɗɗan da ake cewa mun amince da su da Turanci ake rubuta su, shafi bayan shafi, kuma yardar da aka karɓa daga wanda bai fahimta ba ƙwace ce. Ya wajaba NDPC ta fitar da bayanin dokar da Hausa, gidajen rediyon Kano su yaɗa shi, masarautar Karaye da limamai da malaman makarantu su kai shi kowace gunduma. Masu POS da masu cike wa jama'a fom kuma su sani cewa lambobin da ake ba su amana ce, kuma doka za ta tambaye su a kanta.