Abin da bai shiga littafin alƙali ba

Duk wanda ya saba zuwa kotunan Kano, irin su Nomansland ko Gidan Murtala, ya san ƙorafin da ake yi a bakin ƙofa bayan an tashi: "Kowa a unguwa ya san shi ya yi, amma ga shi an sake shi!" Sai wani ya kada baki ya ce ai shari'a saɓanin hankali ce. Aikin jarida ya sa na daɗe ina zama a bencin baya na waɗannan kotuna, kuma ni ban ga saɓanin hankali a ciki ba. Alƙali ba ya wurin sa'ad da abin ya faru. Abin da aka faɗa a gabansa ya rubuta, da shi kaɗai zai yi hukunci. Sauran mutanen da ke cikin ɗakin kuwa, aikinsu shi ne kai masa magana ta ƙofar da doka ta buɗe.

Da safe za a ƙwanƙwasa ƙofa, ɗan sandan kotu ya daka tsawa, "Kooot!" kowa ya miƙe. Alƙali na zaune a sama. Ƙasa da shi akwai magatakarda, mai riƙe da fayiloli, mai kiran sunayen shari'u, mai rantsar da shaidu. Kada ka raina shi, domin duk takardar da za ta kai ga alƙali sai ta bi ta teburinsa. Akwai tafinta, tunda harshen kotun majistare da Babbar Kotu Turanci ne. Akwai masinjan da ke kai sammaci gida-gida, da gandirobobin da suka kawo tsararru daga gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse. Lauyoyi na gaba, a Babbar Kotu sanye da baƙar riga da farar hular gashi. Ba za ka ga mutum goma sha biyun nan da ke yanke hukunci a fina-finan Amurka ba. A nan alƙali ne ke auna shaida, shi ne kuma ke fassara doka.

Shari'ar laifi a kotun majistare takan fara ne da takardar rahoton farko ta 'yan sanda, wadda kowa ke kira FIR. Za a karanta wa wanda ake tuhuma, a fassara masa, a tambaye shi ko ya gane, sannan ko ya aikata. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shi tafinta kyauta, ya kuma ce a ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar. A nan mutane da yawa ke jefa kansu rami. Na ga wani ɗan kasuwa da ake zargi da ɗauke injin markaɗe ya ce, "Ranka ya daɗe, na ɗauka, amma kuɗina nake bin sa." Shi a ganinsa bayani yake yi. Mai shari'ar ta ajiye biro, ta sa tafinta ya sake tambayarsa, sannan ta rubuta cewa bai amsa laifi ba, domin amsar da ke ɗauke da "amma" ba ikirari ba ce. Idan kuwa laifin na hukuncin kisa ne, ko mutum ya ce shi ya yi, kotu za ta rubuta bai amsa ba, ta nemi hujja. Irin waɗannan manyan laifuka sun fi ƙarfin majistare, sai Babbar Kotu, shi ya sa kake jin an ce ana jiran shawarar lauyoyin gwamnati, mutum kuma yana can a tsare.

Sai maganar beli. Beli ba wanke laifi ba ne, alkawari ne cewa mutum zai dawo ranar da aka sa. Wanda ya tsaya wa wani ya sani cewa idan ya gudu, shi za a nema ya biya kuɗin da ya sa wa hannu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta faɗa ƙarara cewa ba za a hana mace tsaya wa mutum don tana mace ba, ta kuma haramta kama wani a madadin wani. Kaduna ta yi irin tata a 2017, Kano a 2019.

Zuciyar shari'a ita ce shaida. Nauyin tabbatar da laifi yana wuyan mai gabatar da ƙara, ɗan sanda ne ko lauyan gwamnati, kuma dokar shaida ta 2011 ta ce sai ya kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana. Kowane shaida yakan bi matakai uku. Wanda ya kira shi zai fara yi masa tambayoyi ba tare da sa masa magana a baki ba. Lauyan ɗaya ɓangaren zai tashi ya titsiye shi: ƙarfe nawa ne, akwai wuta, daga ina ka hango? Sannan wanda ya kira shi ya dawo ya gyara abin da ya rikice. Da zarar shaida ya ce "an gaya mini", lauya zai zabura, domin a kotu gani ya kori ji. Kuma ka lura da hannun alƙali. A yawancin kotunanmu da biro yake rubuta kowace kalma, shi ya sa lauyoyi ke ce wa shaida ya bi a hankali. Wanda ya zuba kamar famfo, rabin maganarsa a iska za ta tafi.

Idan masu ƙara suka gama kawo shaidunsu, lauyan wanda ake tuhuma na iya cewa ba a kawo abin da ya isa a kare kai a kansa ba. Idan kotu ta yarda, an gama. Mutane kan zagi lauyan da ke kare wanda suke ganin ɓarawo ne, alhali aikinsa shi ne ya gwada ƙwarin hujja. Talakan da ba shi da kuɗin lauya yana iya neman hukumar ba da agajin lauyoyi, wadda aka kafa a 1976.

A kotun shari'ar Musulunci, kamar ta Ƙofar Kudu, salon daban ne. Ana magana da Hausa, ana bin mazhabar Malikiyya, alƙalai na komawa ga littattafan Tuhfa da Mukhtasar. Alƙali zai fara tantance wane ne mai da'awa, domin shi zai kawo shaidu, wanda ya musa kuma rantsuwa ke kansa. Ana ba ka damar sukar shaidan abokin shari'arka, ka nuna maƙiyinka ne ko yana da riba a cikin maganar. Kafin hukunci sai an yi i'izari, wato a tambayi mutum ko yana da sauran hujja. Alƙalin da ya tsallake wannan, kotun sama na iya rushe masa hukunci.

Bayan an kama mutum da laifi, ana ba shi dama ya nemi sassauci: laifinsa na farko ne, yana da iyali, ba shi da lafiya. Wanda bai gamsu ba sai ya ɗaukaka ƙara, daga majistare zuwa Babbar Kotu, zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, har Kotun Ƙoli a Abuja. Amma alƙalan sama ba kasafai suke sake kiran shaidu ba, rubutun kotun ƙasa suke karantawa.

Shari'u da dama ba lauya ne ke kashe su ba, rashin shaidu ne. Maƙwabcin da ya ga komai yakan ɓuya da zarar masinja ya shigo layi, a yi ta ɗage zama har a kori ƙarar. Sammacin shaida ba tuhuma ba ce. Idan ya zo maka, ka je, ka faɗi abin da idonka ya gani, abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba.