Fifita mazauna yankin ma'adinai: adalci ko nuna bambanci? Nazari a kan Imuraren da Arlit

Gabatarwa

A cikin wannan maƙala muna so mu duba wata tambaya da ta daɗe tana raba kawunan ƴan Nijar, wato: in gwamnati ta keɓe wani taimako, ko gurbin aiki, ko kason kuɗi domin wata al'umma ƴar tsiraru ko mazauna wani yanki, adalci ta yi ko kuwa bambanci ta nuna wa sauran ƴan ƙasa? Mun zaɓi yankin uraniyom na jihar Agadas, musamman Imuraren da Arlit, domin a can tambayar ta haddasa tawaye har sau biyu, kuma ta haifar da yarjejeniyoyi da dokoki waɗanda za mu iya aunawa. Ra'ayinmu shi ne ba a yanke wa fifiko hukunci ɗaya. Sai an san dalilin da aka gina shi a kai, da ma'aunin da ake amfani da shi wajen tantance wanda zai amfana.

1. Wurin da tarihinsa

Jihar Agadas ta ɗauki fiye da rabin faɗin ƙasar Nijar, amma a ƙidayar 2012 mutanenta ba su kai 500,000 ba cikin miliyan 17, wato ƙasa da kashi 3 cikin 100. An kafa kamfanin Somaïr a 1968, ya fara fitar da uraniyom a Arlit a 1971. Kamfanin Cominak ya biyo baya a 1974, ya fara haƙa a Akuta a 1978, garin Akokan kuma ya tashi kusa da shi. Garuruwan biyu ma'adinai ne suka haife su, a wurin da a da makiyaya Abzinawa ke ratsawa da raƙuma da awaki.

Imuraren tana da nisan kamar kilomita 80 kudu da Arlit. Masu bincike na Faransa sun gano uraniyom a wurin tun 1966, kuma ana lissafa shi cikin mafi girma a duniya, kimanin tan 200,000. An ba kamfanin Areva izinin haƙa a 2009, Shugaba Mamadu Tanja ya aza harsashin aikin a watan Mayu na shekarar. Bayan haɗarin Fukushima na 2011 farashi ya faɗi, aka dakatar da aikin a 2014, aka sallami ma'aikata. A watan Yuni na 2024 hukumomin Nijar suka janye izinin daga hannun Orano, sunan da Areva ya koma a 2018. Kafin nan an rufe Cominak a ƙarshen Maris na 2021, sannan a Yunin 2025 gwamnati ta ba da sanarwar mai da Somaïr mallakar ƙasa.

Da aka buɗe ma'adinan, mafi yawan guraben da ke bukatar takardar makaranta sun faɗa hannun Turawa da ƴan kudu, domin makarantar boko ta makara wajen shiga cikin makiyaya, ga kuma rashin yarda da ya biyo bayan murƙushe yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917. Ƴan yankin suka fi yawa a gadi, da tuƙi, da aikin ƙarfi. Daga nan koken ya samo tushe.

2. Ire-iren fifikon da aka yi

Matakan da aka ɗauka ba iri ɗaya ba ne, saboda haka ya kamata mu rarrabe su.

Na farko shi ne makarantun makiyaya masu ciyar da ɗalibai, waɗanda suka faro tun ƙarshen mulkin mallaka. Yaron da iyayensa ke yawon kiwo ba zai zauna aji ba sai an ba shi abinci da makwanci, abin da ba a yi wa yawancin ƴaƴan manoma.

Na biyu shi ne mazaɓu na musamman. Tun zaɓen 1993 aka keɓe kujeru 8 na majalisar dokoki ga wurare irin su Bilma, Tasara, Tesker, Ngurti, Bermo da Bankilare, domin Tubawa, Larabawa, Fulani makiyaya da sauran ƙananan al'ummomi su sami wakilci. An yi aiki da tsarin har zuwa rushe majalisa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023.

Na uku shi ne abin da ya fito daga yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995, wadda ta kawo ƙarshen tawayen da ya taso bayan rikicin Cintabaraden na 1990. Ta tanadi sauke iko zuwa ƙananan hukumomi, da shigar da tsofaffin mayaƙa cikin jami'an tsaro da ma'aikatun gwamnati, da ba mazauna yanki fifiko wajen ɗaukar ma'aikata a kamfanonin ma'adinai.

Na huɗu shi ne kason kuɗi. Dokar 9 ga Agusta 2006, wadda ta gyara dokar ma'adinai ta 1993, ta raba kuɗin shigar ma'adinai gida biyu: kashi 85 cikin 100 ga baitulmalin ƙasa, kashi 15 ga ƙananan hukumomin jihar da ake haƙa. Kundin tsarin mulki na 2010, wanda aka jingine a 2023, ya tabbatar da ƙa'idar rabon, tare da cewa albarkatun ƙarƙashin ƙasa mallakar al'ummar Nijar ce baki ɗaya.

Wani abu ya fito fili a nan: ba inda dokar Nijar ta ambaci sunan ƙabila a matsayin sharaɗin amfana. Wuri take ambata. Ko mazaɓu na musamman, duk wanda ke zaune a cikinsu yana jefa ƙuri'a. Haka kuma kason 15 ya shafi zinaren Samira a jihar Tillaberi, kuma an yi irinsa ga man fetur na Agadem a jihar Difa.

3. Hujjar masu suka

Bai kamata mu raina hujjar masu adawa da fifiko ba, domin tana da ƙarfi ta fuskoki uku.

Da farko, in talauci ne ma'auni, binciken gidaje na hukumar ƙididdiga ya sha nuna cewa Agadas na cikin jihohin da talauci ya fi sauƙi, bayan Yamai, alhali ya fi tsanani a jihohi masu cunkoson jama'a irin su Maraɗi. Manomin gero a Mayahi yana iya tambaya: don me za a ƙara wa wanda ya fi ni, saboda kawai Allah ya ajiye dutse a ƙarƙashin ƙasarsa? Yana iya ƙarawa da cewa kafin uraniyom, gyaɗar Maraɗi da Damagaram ce ta riƙe baitulmali, ba a kuwa keɓe wa manomanta wani kaso ba.

Na biyu, gurbin da aka bayar saboda an ɗauki makami yana koya wa matasa mugun darasi. Wanda ya yi haƙuri ya gama makaranta yana zaman jiran aiki, wanda ya hau dutse da bindiga ya sami albashi. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da cewa yarjejeniyar 1995 ta jawo wasu: ta Aljiyas a 1997, ta Njamena a 1998, kana ƙungiyar MNJ ta taso a Fabrairun 2007 da buƙatun da suka haɗa da kason uraniyom.

Na uku, al'ummar da ake fifitawa ba dunƙulalliya ba ce. A cikin Abzinawa akwai masu sarauta, da malamai, da maƙera, da zuriyar bayi, waɗanda ƙungiyar Timidria ke fafutukar ƴancinsu tun 1991. In an miƙa taimako ta hannun shugabanni, sau da yawa ba ya isa ga na ƙasa, balle mata.

4. Hujjar masu goyon baya

A ɗaya ɓangaren, muna ganin mafi ƙarfin hujja ita ce ta asara. Makiyayin da ke kusa da Imuraren ya rasa makiyaya tun ranar da aka killace fili aka fara ture ƙasa, ga shi kuma ba a kai ga haƙar da zai ci moriyarta ba. Mazaunin Arlit yana zaune kusa da tarin sharar ma'adinai mai miliyoyin tan, yana shan ruwa daga taskar ƙarƙashin ƙasa wadda ba ta sabuntawa, ita kuwa kamfanoni suka yi shekaru hamsin suna ja. Ƙungiyar Aghir in'Man ta Arlit, da masu binciken CRIIRAD a 2003, da Greenpeace a 2009, sun nuna gurɓacewar ruwa da ƙasa da tarkacen ƙarafa da ake sayarwa a kasuwa, ko da yake kamfanin ya musanta wasu daga cikin sakamakon. Abin da aka ba mutum a madadin asara irin wannan diyya ne, diyya kuwa ba ta tauye haƙƙin wanda bai yi asarar ba. Dokar karkara ta 1993 ta riga ta amince cewa makiyaya suna da haƙƙin fifiko a kan mazauninsu na asali, dokar kiwo ta 2010 kuma ta ƙarfafa hakan.

Dangane da alƙaluman talauci, matsakaicin jiha yana ɓoye bambanci tsakanin garuruwa masu albashi da dajin da ke kewaye da su. Ga kuma tsadar nisa: asibiti ɗaya a Maraɗi yana iya wadatar da ƙauyuka da dama, a Abzin kuwa ana kashe kuɗi mai yawa kafin a kai allurar riga-kafi ga ƴan tantuna kaɗan. Raba kuɗi bisa yawan kai kaɗai yana nufin ɗan daji zai sami ƙasa da ɗan gari, ko da an rubuta musu adadi ɗaya.

Dokar ƙasa da ƙasa ma ta buɗe wannan ƙofa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1965 a kan kawar da wariyar launin fata, wadda Nijar ta amince da ita a 1967, ba ta ɗauki matakan musamman na ciyar da wata al'umma gaba a matsayin wariya ba, bisa sharaɗin kada su zama haƙƙi na dindindin, kuma a dakatar da su da zarar an cim ma manufa.

5. Wane ne ɗan yanki?

A nan ne matsalar ta fi wuyar warwarewa. Arlit gari ne na baƙi: Hausawa, Zabarmawa, Abzinawa, Fulani, Barebari, Larabawa, har da ƴan ƙasashen maƙwabta. Yaron da aka haifa a Akokan a 1985, mahaifinsa ɗan Dogondutsi ne da ya zo aikin Cominak, bai san wani gida ba sai nan, ya shaƙi ƙurar da kowa ya shaƙa, kuma rufe kamfanin a 2021 ta same shi kamar kowa. In an ce shi ba ɗan yanki ba ne saboda asalin kakansa, an zalunce shi. In kuma an ce duk wanda ya sauka a tasha jiya ya zama ɗan yanki, fifikon ya zama fanko, makiyayin Dannat zai sake komawa ƙarshen layi.

Maƙwabciyarmu Najeriya ta ba mu darasi biyu. Kundinta na 1999 ya ba jihohin da ake haƙo albarkatu aƙalla kashi 13 cikin 100, amma yawan kuɗin bai kawar da koke a yankin Neja Delta ba, domin ba su isa ga talaka yadda ya kamata. Sannan rarrabe ɗan asali da baƙo ta hanyar takardar shaida ya rura wutar rikicin Jos tun 2001. Indiya, wadda ke keɓe gurabe tun 1950, kotun ƙolinta ta hukunta a 1992 cewa a cire masu hali daga cikin wasu rukunonin masu amfana. A Amurka kuwa kotun ƙoli ta haramta duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'i a 2023. Ƙasashen sun sha bamban, amma duk inda aka ɗaura fifiko a kan jini, gardama ba ta ƙarewa.

6. Ma'aunin da muke ba da shawara

Bisa ga abin da ya gabata, muna ganin ana iya auna kowane fifiko da tambayoyi huɗu. Wace asara ko wane giɓi yake gyarawa, kuma ana iya nuna shi da hujja? Shin sharaɗin amfana zama ne da bukata, ko kuwa asali? Yana isa ga mafi rauni a cikin al'ummar? Yana da wa'adi ko lokacin sake dubawa?

In muka ɗora matakan huɗu a kan wannan ma'auni, makarantun makiyaya da kason 15 sun tsallake tambayoyi biyu na farko ba tare da wahala ba. Mazaɓu na musamman sun tsallake su ma, ko da yake ba a sa musu wa'adi ba. Shigar da tsofaffin mayaƙa shi ne mafi rauni ta fuskar adalci, kuma gara a kira shi da sunansa: farashin zaman lafiya ne da ƙasa ta biya sau ɗaya, bai dace ya zama hanyar samun aiki ba. Duk da haka, dole mu lura cewa a 2012, lokacin da arewacin Mali ya wargaje, arewacin Nijar bai bi sahu ba, a daidai lokacin da ƴan yankin ke riƙe da majalisunsu, Briji Rafini ɗan Iferwan kuma yake firaminista, muƙamin da ya riƙe daga 2011 zuwa 2021.

Kammalawa

Abin da ya fi damun mu a ƙarshen wannan nazari shi ne tazarar da ke tsakanin doka da aiki. Magadan gari na jihar Agadas da ƙungiyoyin farar hula irin su ROTAB sun yi shekaru suna kuka cewa kason 15 yana zuwa a makare, ko guntu-guntu, bashi na taruwa a kan baitulmali. Hausawa na cewa rijiya ta bayar, guga ya hana. Sakamakon haka shi ne ɗan kudu yana jin haushin gatan da yake zaton an ba arewa, ɗan arewa kuma yana jin haushin alƙawarin da bai gani a ƙasa ba.

Komawar izinin Imuraren da kamfanin Somaïr hannun gwamnati ta ƙara wa tambayar nauyi, domin daga yanzu mai rabo da mai haƙa sun zama ɗaya. Muna ba ɗalibai masu neman batun bincike shawarar su fara da abu biyu: bin sawun kuɗin da suka shiga asusun ƙananan hukumomin Arlit, Dannat, Gugaram da Iferwan tun 2007 da abin da aka yi da su, da kuma tattara bayanan makiyayan da suka rasa fili a Imuraren, tun masu shaidar suna raye.