Cire Sitika da Gam a Jikin Mota: Me Ke Ɓata Fenti, Me Ba Ya Ɓatawa?

Wanda ya sayi mota ta hannu a Legas, tokumbo ce da ta sauka a tashar Tin Can ko wadda aka mora a gida, yakan same ta da tarkacen mai ita na farko: sitikar ɗan takara ta zaɓen 2023, sunan kamfani a ƙofa, robar ado a gefe, ko tambarin da aka sayo a kasuwar Ladipo aka liƙa. Da ya ce zai cire, sai shawara ta yi yawa, daga majalisar direbobi a Idi-Araba har garejin Agege. Wasu shawarwarin daidai ne, wasu kuwa sun sha jawo wa mutane kuɗin feshi.

Maganar da ta fi yawo ita ce wai gam yana cin fenti, shi ya sa ake ganin shatin sitika bayan an ɓare ta. Ba haka ba ne. Wurin da sitika ta rufe shi ne ya riƙe launin asali, sauran jikin motar ne rana ta koɗar shekara da shekaru. An fi ganin haka a jar mota. Folish yakan rage bambancin, amma idan koɗewar ta yi nisa, shatin ba zai ɓace gaba ɗaya ba, kuma dirza da ƙarfi ba zai kawar da shi ba.

Wadda ta fi tayar min da hankali ita ce ta man birki. Ana cewa a ɗiga shi a kan gam, a bar shi ya jiƙa. Man birkin da yawancin motoci ke amfani da shi yana tausasa fenti ya sa shi kumbura, shi ya sa bakaniken da ya san aikinsa yake saurin wanke shi da ruwa idan ya zuba a jikin mota. Tinar masu fenti ma haka take, tun da aikinta ke nan, narkar da fenti. A tuna cewa fentin mota hawa-hawa ne: akwai na ƙasa mai kama ƙarfe, sai launi, sai wani garai-garai a sama mai ba da sheƙi, wanda kaurinsa bai kai na takardar rubutu ɗaya ba. Shi ake fara ɓatawa, kuma in ya tafi sai an sake feshi.

Kafin a taɓa komai, akwai tambayar da ba a cika yi ba: fentin kamfani ne, ko an taɓa yi wa motar feshi? A garin da danfo da keke da okada ke gogar juna kullum, motoci da yawa sun riga sun ziyarci mai gyaran jiki. Fentin kamfani ana gasa shi ne da zafi wajen digiri 140, na gareji kuwa galibi iska da rana ne ke busar da shi, don haka bai kai wancan tauri ba. Wannan ne dalilin da mutum biyu za su bi hanya ɗaya, ɗaya ya yi rantsuwa ta yi masa aiki, ɗayan kuma sitika ta taso da fentinsa. Dukansu gaskiya suka faɗa, motocin ne ba ɗaya ba. A fara gwada kowane irin mai a wurin da ba a gani, kamar bakin ƙofa ta ciki. Motar da aka fesa kwanan nan kuwa a ba ta makonni ta gama bushewa.

Batun fetur da kananzir rabinsa gaskiya ne. Suna narkar da gam, kuma ɗan shafawa a wanke nan take ba ya kwaɓe fentin kamfani. Sai dai fetur yana kwashe folish, yana iya dushe sheƙi in ya daɗe, ga haɗarin gobara. Kananzir ya fi sauƙi, WD-40 ma yana yi. Man gyaɗa da wasu ke rainawa yana cire gam ɗin sitikar takarda, illa dai ya yi rauni ga gam mai soso da ke bayan tambari.

Masu cewa zafi ne maganin gam sun yi gaskiya, in dai da awo. A ajiye mota a rana, ko a hura wa wurin na'urar busar da gashi har ya yi ɗumin da hannu zai iya jurewa. Wutar mai walda ba ta cikin lissafi, musamman a kan bamba, wadda roba ce. In gam ya yi laushi, a zura zaren fatsa ta bayan tambari a riƙa ja hagu da dama kamar ana yanka sabulu, saura kuma a murje shi da babban yatsa ko gefen tsohon katin ATM. Reza ta gilashi ce kawai, shi ma ban da cikin gilashin baya mai siraran layuka, don tana tsinka su. Soson ƙarfe kuwa kada ya kusanci fenti.

Wani kuskure kuma shi ne zaton duk ado gam ne ya riƙe shi. Robar gefen ƙofa da tambarin wasu motoci suna da ƙafafu da suka shiga huda a jikin ƙarfe. In aka finciko su, hudar za ta zauna a buɗe, kuma a Legas mai yawan ruwan sama da iskar teku mai gishiri, ta nan tsatsa ke fara shiga. A sa mai gyaran jiki ya duba tukuna. Idan akwai huda, ko a bar adon inda yake, ko a shirya biyan kuɗin toshewa da feshi.