Bahago Ba Maras Lafiya Ba Ne

A shirinmu na wannan mako mun tattauna kan bahago, yaron da ake bugun hannunsa ko a ɗaure shi don ya koma dama.

Wajen mutum 1 cikin 10 a duniya bahago ne, kuma abin yana somawa tun a ciki. Hoton ciki ya nuna tayi yana tsotsar babban yatsan hannu guda fiye da ɗayan, galibi kuma da hannun nan yake tashi.

To, gado ne? Makiyayi ya san maraƙi kan ɗauko launin uwarsa, amma ba kullum ba. Haka nan ma. In uwa da uba na dama ne, kusan ɗa 1 cikin 10 zai fito bahago. In duka biyun bahagwai ne, kusan 1 cikin 4. Wani bincike na 2020 a kan mutum sama da miliyan 1.7 ya gano wurare 41 a ƙwayoyin gado masu alaƙa da hagu, kowane da ɗan tasiri kaɗan. Gado yana da hannu, amma ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba.

Batun lafiya fa? A 1991 wasu masu bincike a Amurka sun ce bahagwai na rigan na dama mutuwa da shekara 9. Daga baya aka gane inda lissafin ya karkace: tsofaffi da yawa an tilasta musu komawa dama tun suna yara, shi ya sa bahagwai suka yi ƙaranci a cikinsu.

Abin tsoro daban yake. In jariri bai cika shekara ba amma ya bar hannu ɗaya kwata-kwata, a kai shi likita ya duba. In babba ya ji hannu guda ya mutu farat ɗaya, baki ya karkace, magana ta sarƙe, alamar shanyewar ɓarin jiki ce. A garzaya asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.

Ci da gaisuwa da dama tarbiyya ce, a koya wa yaro cikin lallashi. Amma rubutu, riƙon sanda, wuƙa da lauje, a bar shi da hannun da ya fi ƙwari, kada ya ji wa kansa rauni.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.