Ƙudurin Shekara a Garwa: Me Ya Sa Zafin Maris Ke Cinye Shi?

Mutumin Garwa ba sabuwar shekara ɗaya gare shi ba. Akwai ta gwamnati, ranar 1 ga Janairu, wadda ma'aikata ke lissafi da ita, Kiristocin gari kuma su kwana a coci suna dakon shigowarta. Akwai ta Hijira, wadda liman ke tunatar da mu a huɗubar Juma'a idan Muharram ya kama. Mai 'ya'ya a makaranta tasa a Satumba take farawa, ranar da aka ce ya kawo kuɗin rajista da na littattafai. Manomin auduga na Pitoa ko Ngong kuwa bai yarda shekara ta juyo ba sai kamfanin SODECOTON ya auna kayansa ya biya shi. Ga kuma watan azumi, wanda ba a kiransa farkon shekara, amma a cikinsa aka fi ƙulla alkawari tsakanin bawa da Ubangijinsa.

A kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta za ka ji ana cewa: bana in Allah ya yarda na bar sigari, bana sai na sauke Alƙur'ani, bana zan rage wannan tumbin, bana zan koma buga ƙwallo. Kafin a yi wata uku maganar ta bi ruwa. Idan ka tambaya a ce maka zuciya ce ba ta da ƙashi, ko a ɗora wa Shaiɗan. Ban wanke Shaiɗan ba, amma a ganina rabin laifin na rashin lissafi ne. Muna ɗaukar ƙuduri ba tare da mun duba yanayin garin da za mu cika shi a ciki ba.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bin diddigin wannan al'amari. A ƙarshen shekarun 1980, John Norcross na Jami'ar Scranton da ke Amurka ya bi mutum 200 da suka ɗauki ƙudurin sabuwar shekara. Bayan mako guda, kashi 77 cikin ɗari na nan a kan bakansu. Bayan shekara biyu, saura kashi 19. Wani binciken kuma, wanda Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan suka fitar a 2009, ya nuna cewa sabuwar ɗabi'a kan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zama jiki, wato mutum ya riƙa yinta ba sai ya yi kokawa da kansa ba. Wasu sun fi haka sauri, wasu kuma sai da suka doshi wata takwas.

To, ɗauki kalanda ka ƙirga kwana 66 daga 1 ga Janairu. Za ka sauka a ranar 7 ga Maris. Duk wanda ya san Garwa ya san abin da Maris yake nufi. Garin yana kwance ne a kwarin Binuwai, kuma daga Maris zuwa Afrilu zafi kan kai digiri 40, wani lokaci ya haura. Da dare ma bangon ɗaki sai ya riƙa amayo abin da ya sha da rana, mutane su fito da tabarmi tsakar gida. Wanda ya fara tattaki ko sassarfa a Janairu, cikin daɗin hunturu, daidai lokacin da abin zai fara kama jikinsa sai bazara ta rufe shi. A 'yan shekarun nan ma har da azumi a kai, domin na 2024 da na 2025 duk a cikin Maris suka kama. Ina laifin wanda ya ajiye takalmin gudu a irin wannan hali?

Shi ya sa nake ganin duk ƙudurin da ya shafi motsa jiki, a arewacin Kamaru, watan Nuwamba ne lokacinsa. Ruwa ya ɗauke, hanyoyin unguwa sun bushe, safiya ta fara sanyi, kuma kana da wata huɗu cur kafin zafi ya sauko. Da sanyin safiya ake kama fara. Wanda ya fara a Nuwamba, kafin Maris abin ya riga ya zauna masa, sai dai ya rage tsawon tafiyar ya kuma matso da ita kusa da asuba. Mai asma ko ciwon ƙirji shi kuma ya kula da ranakun da hazo ya yi kauri, ya rufe hanci ko ya haƙura da fita.

Abin da ake nema ma ba mai yawa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar. Ba sai ka sayi kayan 'yan wasa ba. An sallame sallar Asuba, maimakon ka koma shimfiɗa, ka miƙe da sauri-sauri minti goma sha biyar, ka juyo. Wanda ke kusa da filin wasa na Roumdé Adjia ya zagaya shi. Wanda ke zuwa kasuwa ya sauka daga mashin tun kafin a iso, ya ƙarasa da ƙafa. Hikimar ɗaura tafiyar a jikin sallah ita ce ba ka buƙatar wani ya tuna maka. Ladan yana yin wannan aikin kullum, kyauta.

Sai maganar baki, wadda ta fi wuya. Tsaya a teburin mai shayi da safe ka zuba ido. Ya ɗauko kofi, ya tsiyaya madarar gwangwani mai zaƙi har ta kwanta a ƙasa, ya jefa sukari ƙwaya uku, mai sha ya ce "ƙara ɗaya, malam", sannan a jujjuya a miƙa masa da burodi. Da rana ga folere, wato zoɓo, mai sanyi a leda, shi ma an cika shi da sukari. Da yamma a majalisa ga buta a kan gawayi, a sha na farko, a sha na biyu, a sha na uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da ya fi shi ne kada sukarin da mutum ke ƙarawa a ci da sha ya wuce giram 25 a yini, kimanin ƙaramin cokali shida. Mutuminmu ya cinye rabonsa tun kafin hantsi. Idan irin wannan ya ce daga gobe ya bar sukari kwata-kwata, ɗaukar Dala ba gammo ya yi, kuma ranar Laraba za ka same shi ya koma. Amma ya ce wa mai shayinsa daga yau ƙwaya biyu, bayan wata guda ɗaya. Harshe yana sabawa, kuma mai shayin da kansa zai zama mai tsaron alkawarin.

Gishiri kuwa ba a hannun maigida yake ba, yana hannun uwargida. Ƙa'idar ita ce ƙasa da giram 5 a yini ga mutum ɗaya, bai cika ƙaramin cokali ba. Dunƙulen da ake marmasawa a miya kusan rabinsa gishiri ne, ga wanda aka barbaɗa, ga na yajin soya da kilishi. Namijin da ya ƙudurta rage gishiri bai zauna da mai girki sun yi shawara ba, da bakinsa kawai ya yi ƙuduri. Daddawa da albasa da tafarnuwa da busasshen kifin Lagdo suna iya ɗaukar nauyin miya idan aka rage dunƙule. Kuma hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Mutum na iya yawo da shi shekaru bai ji komai ba. Awonsa bai fi minti biyar ba a asibitin unguwa. Idan aka auna aka sake aunawa a wata rana ana samun 140 bisa 90 ko sama, magana ta koma hannun likita.

Damina ma da nata. Daga Yuli zuwa Oktoba sauro ke mulki, kuma tun 2016 ake bi gida-gida a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa ana ba yara 'yan wata uku zuwa shekara biyar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wata-wata. Uban da ya ce bana ba zagayen da zai wuce 'ya'yansa, kuma kowa a gidan zai kwana cikin gidan sauro, ya ɗauki ƙudurin da ya fi na tumbi amfani.

A ɓangaren addini ciwonmu sananne ne. Daren 27 ga Ramadan masallaci ba masaka tsinke, mako biyu bayan Sallah kuma sahun Asuba bai cika ɗaya ba. Ga shi kuwa hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha ya nuna aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Mu yi lissafin allo. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni takwas, jimla sumuni 480. Mai karanta sumuni biyu a rana, ɗaya bayan Asuba ɗaya bayan Magariba, zai sauke cikin kwana 240, wata takwas ke nan, ya bar wa kansa wata huɗu na rashin lafiya da tafiya da ranakun kasala. Mai amfani da bugun Madina mai shafi 604, shafi biyu a rana sun kai shi ƙarshe cikin wata goma. Wanda ya ce izu biyar kullum kuma yana da shago da iyali, yawanci a Baƙara ake rabuwa da shi. Wanda bai iya karatun ba, nasa ƙudurin shi ne ya cire kunya ya nemi makarantar dare. Gemu ba ya hana neman ilimi.

Akwai wani abu da ya kamata a yi hattara da shi. Niyya a zuci daban, rantsuwa da bakance daban. Mutum ya fusata da kansa sai ya ce wallahi ba zai ƙara taɓa sigari ba, bayan kwana huɗu ya kunna. Wannan ya jawo wa kansa kaffara, kamar yadda aya ta 89 a Suratul Ma'ida ta bayyana: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, wanda bai samu iko ba ya yi azumin kwana uku. Wanda ya yi bakancen wata ibada kuma ya mayar da ita wajibi a kansa. Ka yi niyya, ka ce in Allah ya yarda, ka bar rantsuwa ta huta. Kafin ma a kai ga nafila, mai bashin azumi ya fara da ramuwa. Yanzu da Ramadan ke matsowa da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara yana shiga hunturu, watannin Disamba da Janairu sun zama damar biyan bashin cikin sauƙi: yini gajere, ƙishirwa kaɗan.

Ibadar da ke buƙatar kuɗi kuma, tun daga ragon layya har kujerar Makka, ba a ƙudurta ta da baki. A nan mata sun fi mu wayo. Matar da ta shiga adashi ta san ranar zubi, ta san uwar adashi za ta aiko, ta san idon sauran mata na kanta. Abin da ke sa adashi ya yi aiki ke nan: adadi sananne, rana sananniya, da mutanen da za ka ji kunyarsu. Duk ƙudurin da ya samu waɗannan ukun ya fi kusa da cika. Jirgin alhazai daga filin jirgin saman Garwa yake tashi, amma tafiyar tun daga zubin farko take farawa.

Abin sha'awa, wato abin da mutum ke yi don jin daɗin ransa kawai, shi ne muka fi rainawa. Magidanci ya ce zai koma kiwon tattabaru sai a ce ya rasa aikin yi. Amma a bar shi ya kwashe awa uku yana shafa waya, ba mai cewa uffan. Garin da Coton Sport ta fito, ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008, garin da Vincent Aboubakar ya fara taka leda kafin ya tafi Faransa, bai kamata a ce ƙwallo ta koma abin kallo a talabijin kaɗai ga duk wanda ya haura talatin ba. Da yawa an haife su a nan, suna hango dutsen Tinguelin kullum, ba su taɓa hawansa ba. Ba su taɓa zuwa Kola kusa da Guider sun ga yadda ruwa ya sassaƙe duwatsu ba, alhali baƙi daga Turai suna zuwa. Wani yana sha'awar doki amma sai ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Lamiɗo yake ganinsa. Bahaushen da Fulatancinsa bai wuce na ciniki ba, ko wanda ke son iya rubutun ajami irin na kakansa, ko uwargidan da ke son 'yar gadinar zogale da yakuwa a bayan ɗaki, kowa ya zaɓi ɗaya, ya ba shi yammaci guda a mako. Ɗaya tak. Iyo a Binuwai dai ban ba da shawara ba, dorinar ruwa ba ta san ƙudurin kowa ba.

Ranar da aka yi fashi fa? Za a yi, babu makawa: ga biki, ga zaman makoki, ga baƙi daga Marwa ko Ngaundere. Binciken Landan ɗin nan ya gano cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe ɗabi'ar da ake ginawa. Abin da ke rushe ta shi ne mutum ya ce tunda na karya shi ke nan, sai baɗi. Wanda ya makara sallar Asuba ai ba ya cewa ya bar sallah sai sabuwar shekara. Tashi yake ya rama.

Akwai rukuni ɗaya da duk wannan lissafin bai ishe su ba, su ne masu son rabuwa da ƙwaya, musamman tramol, wadda ta yi wa matasa da yawa katutu, daga masu tuƙa mashin har masu aikin ƙarfi. Jikin da ya saba da ita idan aka yanke masa farat ɗaya yakan amsa da ciwon gaɓoɓi, gumi, zawo da rashin barci, shi ya sa yaro zai yi niyya da gaske amma kwana uku ya koma. Wannan ba aikin ƙarfin zuciya kaɗai ba ne, aikin likita ne, wanda zai tsara yadda za a rage ta sannu a hankali. Iyaye da yayye, idan yaronku ya buɗe baki ya ce yana son bari, kada ku ce masa "mun ji irin wannan bara". Ku kama hannunsa ku kai shi asibiti a cikin makon nan.